Garin zogalen Iya ta kasuwar Wudil

Duk ranar Juma'a, idan ka shiga kasuwar Wudil ta wajen 'yan kayan miya, za ka tarar da wata dattijuwa ta baza tabarma da ƙullin garin zogale, da busasshen ganye, da 'ya'yansa a kwalba. Iya muke ce mata. A wurinta nake sayen na gidanmu tun da awaki suka ga bayan 'yan itatuwan da ke jikin dangarmu.

Launin garin ne ya fara jan hankalina. Kore ne shar, da ƙamshin ɗanyen ganye. Da na tambaye ta, sai ta ce, "'Yata, a ɗaki nake shanya shi, rana ba ta ganinsa." Kuma da gaskiyarta, domin ganyen da aka baza a tsakiyar rana komawa yake ruwan ƙasa, bitamin ɗinsa ma ya ragu. Takan tsince kara, ta daka a turmi, ta tankaɗe da rariya mai laushi. Ban taɓa cin karo da tsakuwa a nata ba. Na masu yawo da lasifika kuwa, kana taunawa kana jin ƙasa a haƙori.

Da matar ɗana ta haihu, cokali guda nake zuba mata a kunun gyaɗa, ko a miyar kuka bayan an sauke tukunya, don doguwar tafasa ɓata shi take. Busasshen ganyen zogale kusan kashi 25 cikin 100 nasa furotin ne, ga sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, ga kalsiyam na ƙashi. Ga mai jegon da ba kullum ake samun nama a gidanta ba, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Yana da ɗan ɗaci-ɗaci, kuma idan aka cika hannu yakan saki ciki, don haka a fara da kaɗan.

'Ya'yan ma na saya. Da damina, idan ruwan rijiya ya yi jirwaye da laka, sai a ɓare, a daka, a kaɗa a cikin ruwan, a bar shi ya kwanta. Lakar takan taru a ƙasa. Amma fa a tafasa kafin a sha, ba duk ƙwayoyin cuta yake kashewa ba.

Inda muka saɓa da Iya shi ne bakin talla. A wurinta zogale maganin ciwon suga ne, da hawan jini, da shawara, da duk abin da ka ambata. Na ji da kunnena tana ce wa wani tsoho ya huta da ƙwayoyin asibiti. Na ce, "Haba Iya, abinci ne mai gina jiki, kada ki ɗauki alhakin bawan Allah." Dariya kawai ta yi. Mai juna biyu kuma ta tsaya a ganye, ta nisanci saiwa da ɓawo.

Ƙullin nata ba lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, ba ranar daka, kuma ledar siririya ce, tana jan danshi. Ina zuwa gida nake juye shi a kwalba mai murfi. Mai son samu ya je da hantsi, domin kafin a sauko daga masallaci ta naɗe tabarmarta.