Shagon da ya ƙi sayar mini da kifi ranar farko

A wani lungu kusa da France Road a Sabon Garin Kano shagon yake, ɗan ƙarami, kana shiga ƙarar famfunan iska za ta tare ka. 'Yata ce ta jawo mini. Tun da ta ga akwatin kifin ado a gidan ƙawarta ta hana ni sakat, safe da yamma "Abba, kifi." Wata Asabar muka tafi, niyyata in dawo da komai kafin la'asar.

Akwatin gilas na samu, mai tsawon santimita 60, yana cin ruwa kusan lita 60, ga tsakuwa, ga filta, ga famfon iska. Da muka zo kan kifi sai mai shagon ya girgiza kai. "Malam, je ka cika shi, ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum. Bayan sati uku ka dawo." Na zaci ciniki yake ja. Sai ya ciro soson wata tsohuwar filta, duk ya yi dauɗa, ya ƙulle a leda da ɗan ruwa ya miƙo mini kyauta. Wai dauɗar nan ita ce dukiyar. Kashin kifi da ragowar abinci suna komawa amoniya, ita kuwa guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin soson su ke juya ta zuwa nitirait, wasu su sake juya wannan zuwa nitiret, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke fitarwa. Sabon akwati ba shi da su, sai ya yi sati 4 zuwa 6 kafin su wadata. Tsohon soso yana rage jiran. Yarinya ta yi ta kuka a adaidaita sahu har gida, akwati wayam a cinyata.

Abin da ya sa na yarda da mutumin shi ne tambayar da ya yi mini kafin ya nuna mini ko kifi ɗaya: wane ruwa kuke sha? Na ce na burtsatse, wani lokaci na 'yan garuwa. Ya ce butar shayinku tana yin farin ɓawo a ciki? Tana yi. To, ruwanmu mai nauyi ne, ƙananan kifaye irin su gofi da moli da filati za su ji daɗinsa. Niyon tetira da yarinyar ta ƙwallafa rai a kai, masu jan layi da shuɗi, asalinsu kogunan Amazon ne, sun fi son ruwa mara nauyi, ya ce mu haƙura. Golfish ma ya hana: yana girma, yana ɓata ruwa, kuma sanyi yake so. Taiga bab kuwa wutsiyar gofi zai yi ta tsinka. In ruwan famfo ne, dole a ɗiga maganin kashe kulorin kafin a zuba.

Gofi 5 muka fara ɗauka, maza 2 mata 3, bayan sati biyu muka ƙara zebira daniyo 6, domin su ba sa zama sai a garke. Ledar a ɗaure ake ajiye ta ta yi yawo a saman ruwa minti 20, zafin ya daidaita, sannan a sake su.

Sai dai shagon ba ya rasa aibu. Babu farashi a rubuce ko ɗaya, fuskarka ake dubawa. Ba su da kayan gwajin ruwa, alhali duk wa'azin mai shagon a kan amoniya yake, sai dai ka yi ta kallon kifi kana hasashe. Wanda ya fi ɓata mini rai yaron shagon ne. Ranar da maigidansa ba ya nan ya lallaɓa ni na sayi wani kifi, fileko, wai "mai share gilas", ɗan kamar yatsa. Bai gaya mini yana wuce santimita 30 ba. Maigidan ya karɓe shi da na mayar, amma kuɗi ba su dawo ba, abincin kifi aka ba ni a madadi.

Wani laifin kuma nawa ne. An gaya mini soson filta da ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake ɗauraye shi. Wata Juma'a tsafta ta ɗebe ni, na wanke shi fes da sabulu. Kwana uku ruwa ya yi fari-fari, gofi 2 suka mutu. Da na kira mai shagon bai yi mini dariya ba, cewa ya yi in canza kwata na ruwan kullum har ya washe, in aiko a karɓi wani soson.

Yanayin Kano shi ne jarrabawar gaske, domin kifin nan tsakanin digiri 24 da 27 suka fi walwala. Da hunturu, ma'aunin zafi ya sauka zuwa 20 da asuba, ƙura kuma ta kwanta a saman ruwa, sai hita da murfi. A watan Afirilu ruwan ya kai 31, aka ɗauke wuta tun azahar, na shigo na tarar da su duka a sama suna haki, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. Gorar ruwa mai ƙanƙara na sa a ciki, a rufe, na buɗe murfi na yafa raga don daniyo akwai tsalle. Washegari na koma na sayi famfon iska mai batir. Wannan kam da tun ranar farko ya kamata mai shagon ya tura mini shi, ya san garin da muke.

Yanzu wata tara ke nan. Duk Asabar muna canza kwata na ruwan, yarinyar ke riƙe bokiti. Gofi ba sa ƙwai, 'ya'ya suke haifa kusan duk wata, har sun fara yi mana yawa. Mai shagon ya ce in kawo su a yi musaya da abinci. Guda 14 na ƙirga jiya, ita ta ce 15 ne, ɗaya yana bayan filta.