Sharhina kan asibitin haƙorin da na kai Ummata

Gaskiya wannan asibitin haƙorin sun cancanci yabo, kuma ba don kyan wurin ba, don likitar da ta duba Umma. Dasashinta ne ya kumbura ya yi jawur har yana neman rufe haƙoran, ga wasu ƴan ƙananan ɗigo-ɗigo a jiki, ko burushi ta sa sai jini. Mun sha maganin kemis, su amoxicillin da ruwan kuskure baki, an ma yi mata wankin haƙori a wani wuri amma abin sai gaba yake.

Abin da ya burge ni shi ne likitar ba ta yi saurin cewa datti ne ba, zama ta yi tana ta tambayoyi, Hajiya kina shan maganin hawan jini irin amlodipine ko nifedipine, ko na farfaɗiya, don su ma suna sa dasashi ya yi kauri, Umma ta ce a'a, sai ta koma kan hanci, kina haɓo? Hancin yana toshewa yana ɓawo? Wallahi nan jikina ya yi sanyi, don watanni kenan tana fama da murar da ta ƙi ƙarewa da ciwon gaɓoɓi, mu ko a ranmu ba mu haɗa su da baki ba.

Likitar ta ce irin wannan kumburin mai kama da fatar sitiroberi ba kasafai ake ganinsa ba, amma yana iya zama alamar farko ta wata cuta, GPA, wadda a da ake kira Wegener, inda garkuwar jiki take juyowa ta kumbura ƙananan jijiyoyin jini, kuma takan kama hanci da huhu da ƙoda. Ƙodar ita ce abin tsoron, tana iya lalacewa mutum bai ji komai ba. Ta yi allurar kashe zafi ta yanki ɗan nama aka kai gwaji, ta rubuta gwajin jini na ANCA mai neman alamar wannan cutar, da na fitsari da hoton ƙirji, sannan ta tura mu asibitin koyarwa da takarda a rubuce dalla-dalla. Sakamakon ya tabbatar da zarginta, har an fara ganin jini a fitsarin.

Inda ban ji daɗi ba, layi. Mun daɗe a zaune ga tsohuwa ba ta da lafiya, kuma kuɗin gwaje-gwajen ba wanda ya faɗa mana tun farko sai da muka je wurin biya, ya kamata su gyara wannan.

Yanzu Umma tana kan prednisolone da wani maganin danne garkuwa, dasashin ya sauka sosai tana cin tuwonta, sai dai fuskar ta ɗan ciko saboda maganin kuma ana bibiyar sukarinta da ƙodar. Likitar har waya ta yi ta tambayi jikinta, Allah ya saka mata da alheri.