Masu taya rage tarkacen gida da na kira a Agege, ga ra'ayina tsakani da Allah

Masu tambayata a kan matan nan da ke zuwa gida su taya mutum tace kaya, toh amsata ita ce ku kira su, amma ku sani ba 'yan shara bane, kuma ba aikin da za a yi kina kwance kina danna waya bane, dole ki zauna a yi da ke.

Ciki da falo muke a nan Agege wajen Zango, kuma kowa ya san ɗaki a Legas, kuɗin shekara ake biya ga na ejan ga na agirimen, amma wallahi rabin wurin da muke biya wa haya kaya ne ke kwana a ciki ba mu ba. Ghana-must-go a saman sif har rufi, ƙarƙashin gado kuloli da samiru na kayan ɗakina wasu ko daga kwali ba su fita ba, ga anko na kowane biki da suna. Sannan danshin garin nan, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa baya ɗagawa, sai ki buɗe akwati ki ga leshi mai tsada ya yi fumfuna yana wari.

Abin da ya sa nace kuɗina bai tafi a banza ba shi ne ita babbar tasu, wata Hajiya Bakatsiniya mai sanyin magana. Bata fara da tsintsiya ba, tabarma ta shimfiɗa ta zauna, duk abin da aka fito da shi sai ta tambaye ni yaushe rabon da in taɓa shi, in nace a bar shi sai ta tambayi me nake tsoro in ya tafi. Nan na gane ba kayan nake so ba, tsoro ne kawai, tsoron wata rana zan nema in rasa, da tsoron dangin miji su zo daga gida su ga ɗaki wayam su ce me aka kawo ta da shi. Wannan tunanin ne ke sa kullum in tashi ƙirjina a cushe ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma ba ni kaɗai bace, akwai binciken da aka fitar a 2010 kan ma'aurata a Los Angeles ta Amurka, aka ga matan da ke kwatanta gidajensu da cunkoso sinadarin damuwa na jikinsu baya sauka yadda ya kamata har dare.

Wurin da na yi kuka shi ne akwatin Inna, Allah ya jiƙanta. Zannuwanta na atamfa, mayafinta da har yanzu ƙamshin turaren wutarta bai gama fita ba. Hajiya bata matsa mun ba ko kaɗan, tace in ɗauki wanda raina ya fi kwantawa da shi in ajiye, sauran kuma in duba, zanin da ke cikin akwati kyankyasai na bi ya fi, ko wanda wata baiwar Allah za ta ɗaura ta yi sallah ladan ya isa kabarin Inna. Ta tuna mun hadisin nan na Bukhari da Muslim, cewa wadata ba yawan kaya bace, wadatar zuci ce. Mayafin na riƙe, sauran na kai wa matan islamiyyarmu da hannuna, kuma ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Masu kyau da ba na marigayiya ba dillaliya ta kwasa ta kai kasuwar gwanjo ta Katangowa, tsohuwar fanka da ƙarafuna 'yan jari bola suka saya, ragowar muka ɗaure muka jira motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas.

Inda ban ji daɗi ba zan faɗa. Sun ce safe, sai bayan azahar suka iso wai goslo, aikin ya kai mu dare. Yarinyar da ke taya su bata jin Hausa bata san rubutun Arabiyya ba, saura kaɗan ta jefa tsoffin takardun islamiyyar yara masu ayoyi a buhun shara, Allah ya sa idona na wurin, wannan ya ɓata mun rai sosai. Sannan suna ta tallata mun robobin ajiya nasu, ni da nake neman rage kaya, nace a'a. Kuɗinsu ma ba kaɗan bane, a yi ciniki tun a waya.

In za ki kira su ki ware takardu masu sunan Allah da na asibiti tun kafin su zo, ki sanar da maigida kar a taɓa masa kaya ba izini, kuma ki sa ranar da yara suna makaranta.