Takardar ma'adanar Colt: abin da take shaidawa a kan tsohuwar libarba, da inda shaidarta ta tsaya

A kasuwar tsofaffin libarba ta Amurka, da wuya a yi cinikin Colt mai tsada ba a tambayi takardarta ba. Takardar da ake nufi ita ce wasiƙar da sashen adana tarihi na kamfanin, Colt Archive Properties, yake rubutawa bayan ya duba tsofaffin littattafan fitar da kaya na masana'antar Hartford a jihar Connecticut. Mutum zai aika da samfurin bindigar da lambarta, ya biya kuɗi, ya jira. Kuɗin ya danganta da samfurin, akwai kuma ƙari ga mai gaggawa. Jiran layi na yau da kullum yakan ɗauki watanni, don haka mai niyyar kai bindiga gwanjo ya nema tun da wuri.

Abin da ke zuwa shafi ɗaya ne, mai layuka kaɗan: lamba, girman harsashi, tsawon bututu, irin rufin ƙarfe (shuɗi ko nikel), irin ƙota, wanda aka aika wa, ranar da ta fita, da yawan bindigogin da suka tafi tare da ita. Ga wanda ya iya karatunsu, waɗannan layuka sun isa su ɗaga farashi ko su kayar da shi.

An fi neman takardar a kan samfurin libarbar Colt mai suna Single Action Army, wadda ta fito a 1873. Zubin farko ya ci gaba har wajen 1940, lambobinsa suka tsaya a 357,859. Tsayin bututu uku ne aka saba: inci 7½ na sojan doki, inci 5½, da inci 4¾. A nan takardar take aikinta mafi kyau. Idan ta ce bindiga ta fita da inci 7½ alhali a hannu 4¾ ce, to ko an yanke bututun ko an musanya shi. Tantancewa ba wuya. Adireshin kamfanin da ke bisa bututu layi biyu ne a kan mai inci 4¾, layi ɗaya a kan dogayen. Bututu gajere mai dogon layi ɗaya da ya kusa cimma saitin gaba yankakke ne, kuma sau da yawa za a ga tabon dalma a gindin saitin, inda aka sake liƙa shi. Haka ma idan takarda ta ce girman harsashi .44-40 ne amma gangar harsashin, wato sashen da ke juyawa da harsasai a ciki, ta .45 ce. Bindigar tana iya zama lafiya lau a matsayin ƙarfe, sai dai darajarta a wurin masu tarawa ta ragu ƙwarai.

Ranar fita ma ba ado ba ce. Dokar tarayyar Amurka ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wanda saye da aika shi ya fi sauƙi. A Single Action iyakar tana wajen lamba 182,000, kuma wadda ta faɗo a bakin iyakar, takardar da ta nuna ta bar masana'anta kafin 1899 ce take raba gardama. (Wannan sassauci na can ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, ko da ta shekara ɗari da hamsin.)

Layin "wanda aka aika wa" shi ne kowa yake fara leƙawa, kuma shi ya fi sa gwiwa ta yi sanyi. Colt ba ya yawan sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Galibi sunan babban dila za a gani, irin Hartley & Graham na New York ko Simmons Hardware na St. Louis, da bindigogi goma ko hamsin a kaya ɗaya. Daga nan sawu ya ɓace. Wadda ta tafi kai-tsaye zuwa wani shago a Texas ko Arizona tana samun ƙarin kuɗi, domin masu saye suna son ƙamshin Yammacin Amurka na wancan zamani. Wadda kuwa aka rubuta ta tafi ita kaɗai da sunan mutum, wannan ce ake fata. Bat Masterson, sanannen jami'in tsaro na Yammacin Amurka, ya rubuto wa kamfanin daga garin Dodge City a 1885 yana odar bindiga da bayanin yadda yake son ta, kuma irin wannan oda ce take barin suna a littafi.

Akwai wata kalma da take ruɗar sababbin shiga. Wani lokaci a layin rufin ƙarfe za a ga an rubuta "soft". Ba aibi ba ne. Ma'anarta an fitar da bindigar ba a gama ta ba, ƙarfen da taushinsa, domin dilan ya kai wa mai zane na waje ya sassaƙa mata ado, sannan a rufe ta da nikel ko azurfa. Dilolin New York sun yi haka sosai, kuma L. D. Nimschke yana cikin fitattun masu wannan aiki. Saboda haka bindiga mai zane da takardarta ta ce "soft" labarinta ya daidaita. Mai zane da takardarta ta ce shuɗi, ba a ambaci zane ba, an yi mata adon ne daga baya, kuma "daga baya" yana iya zama 1885, yana iya zama bara. Layin ƙota kuma sau tari babu komai a cikinsa, domin magatakardan lokacin ba su damu da rubuta katakon da aka saba ba. Sun fi rubuta na musamman, kamar hauren giwa. Ƙotar hauren giwa a kan bindigar da takardarta ta yi shiru a wannan layi abin a yi hattara ne.

Babban raunin wannan hidima, wanda masu sayarwa ba sa son a ɗaga, shi ne ma'aikatan ba sa ganin bindigar. Lamba aka ba su, lamba suka duba. Takardar shaida ce a kan abin da littafi ya ce game da lamba kaza, ba a kan ƙarfen da ke gabanka ba. Maƙeri mai wayo yana iya goge lamba ya buga wata da aka san tana da kyakkyawan tarihi. Don haka dole a gwada lambar da ke jikin firam, wato uwar jikin bindigar, da ta kariyar kunama da ta ƙarfen bayan ƙota. A na farko-farko akwai lambobin ƙarshe a kan gangar harsashi da kuma kan bututu, ƙarƙashin gidan sandar fitar da kwanso, sai an kwance sukuru ɗaya ake gani. A duba da madubin ƙara girma ko siffar lambobin iri ɗaya ce, ko wurin ya ɗan lotsa kamar an ci shi da zarto. Siffar firam ma tana magana: kafin wajen 1896, kusa da lamba 165,000, sukuru ne a gaban firam yake riƙe sandar da ganga take juyawa a kai, bayan nan aka koma maɓalli mai sifirin da ake dannawa ta gefe. Lambar bindigar shekarar 1880 a jikin firam mai maɓalli ƙarya ce tsagwaronta, komai kyan takardar da ke tare da ita. Takardun ma ana yin na jabu, ko a sauya layi ɗaya a cikin kwafi. Idan kuɗin ciniki mai nauyi ne, gara mai saye ya nemi tasa takardar daga ma'adanar.

Sabon rufi ma takardar ba ta kama shi. Za ta ce shuɗi, bindigar kuma shuɗiya ce, amma shuɗin na jiya ne. Ido ke gane wannan: kusurwoyin da suka kamata su yi kaifi sun yi laushi, bakin ramukan sukuru ya faɗa ciki, rubutun kwanakin hakkin ƙirƙira da tambarin doki sun dushe saboda gogewar inji.

Sannan akwai inda littafin kansa bai kai ba. Gobarar Fabrairun 1864 ta cinye babban ɓangaren masana'antar, shekara biyu bayan rasuwar Samuel Colt, kuma bayanan shekarun farko ba su cika ba. Libarbar Colt mai suna Walker ta 1847, wadda 1,100 kacal aka ƙera a garin Whitneyville, ba ta wannan hanya ake tabbatar da ita ba. Wadda kamfanin gwanjo na Rock Island Auction ya sayar a 2018 kan dala miliyan 1.84 ta tsaya ne a kan tarihin hannayen da ta bi da binciken masana. Na soja ma haka. Gwamnatin Amurka ta sayi kimanin Single Action 37,000, amma takardar, in an samu, za ta ce an miƙa wa sufeton gwamnati ne, ba za ta faɗi runduna ba. Duk mai cewa tasa ta je yaƙin Little Bighorn na 1876 sai ya kawo wata hujja daban. A irin waɗannan ana dogara da tambarin sufeto, kamar na Orville Ainsworth ko David F. Clark, da sanin cewa sojoji sun mayar da da yawa ɗakin gyara, aka rage bututunsu zuwa inci 5½, aka harhaɗa su da sassa masu lambobi daban-daban. A wannan rukuni kaɗai, saɓanin lamba ba alamar zamba ba ce.

Duk da wannan giɓi, hidimar ta ci kuɗinta ga duk Colt ɗin farar hula ta zubin farko da darajarta ta kai dubban daloli, musamman mai zane, mai nikel, ko mai girman harsashin da ba a cika gani ba, irin .476 Eley da aka yi wa kasuwar Ingila. Ga bindigar da ta sha tsatsa, aka sauya mata bututu da ganga, kuɗin takardar ya fi abin da za ta ƙara mata. Mai libarbar kamfanin Smith & Wesson kuma ba nan zai nufa ba, nasa bayanan suna hannun Smith & Wesson Historical Foundation, kuma ita ma lamba take dubawa.