Mai motocin gwangwani na Zango ya gina mana tashar jirgin ƙasa

Ƙanena da ke Faransa ne ya ja mini wannan aiki, ya aiko wa yarona jirgin ƙasa na wasa irin wanda ake jona wa kuran yana zagaye a kan dogo, na hannu ne amma lafiyarsa lau. To jirgi ne da dogo kawai, babu tasha babu gida, sai ya yi ta kewaye tsakar ɗaki kamar raƙumin ban ruwa. Yaron kuma bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba, ina zai gani a Damagaram? Dogon Yamai zuwa Dosso da aka buɗe a 2016 ma ba fasinja yake ɗauka ba, na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuwa jira muke. Na duba kuɗin gine-ginen roba a intanet na rufe wayata shiru.

Wani mai kabu-kabu ne ya kai ni wajen mutumin, rumfa ce ƴar ƙarama a Zango inda yake ƙera wa yara motocin gwangwani da na waya. Ba alama ba suna, sai buhunan shara jibge a bayansa, kwalin sukari, kwalin magani, gwangwanin tumatir da na madara, tsinken tsire, murafen kwalba. Na nuna masa hotuna ya ce "Alhaji wannan ai ba komai ba ne, sati ɗaya." Muka daidaita a jika goma sha biyu, tasha da shato (tankin ruwa na sama) da gidaje uku, na ba da rabi.

Sati ɗaya ya zama uku, amma wannan duk mai hulɗa da masu aikin hannu ya san da shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da na je ɗauka na tarar da tasha mai kyau wallahi, sai dai ƙofarta ta fi jirgin tsawo, kan jirgi zai shige ofis ya fito ta baya. Kuma in an bi gaskiya laifin har da ni, don ban kai masa jirgin ba kuma ban yi masa maganar awo ba, shi da ido ya saba aiki. Irin jirgin namu HO ake ce masa, komai ana raba shi gida 87 ne a ɗauki ɗaya, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5, ƙofa mai mita 2 sai ta koma santimita 2.3, mutum kuma bai wuce santimita 2 ba. Na zauna kan bencinsa na yi masa lissafin a bayan kwali, ya kalla ya kalla ya ce "Alhaji kenan mutumin tashar nan bai kai rabin ashana ba?" Na ce Malam haka ne. Ya karya ashana biyu ya tsayar da guntun a gabansa, da shi ya riƙa gwada komai har ya gama.

A tashar da ya sake ginawa ne na san na haɗu da gwani. Rufin kwano ya yi shi da kwali, ya jiƙa fatar sama ya ɓare sai gwargwajen ciki ya fito layi-layi, ya shafa fentin azurfa sannan ya ɗiga ruwan ƙasa ja a gefe, sai ka rantse tsatsa ce. Shato kuwa ƙaramin gwangwanin tumatir ne bisa ƙafafun tsinken tsire, faɗinsa wajen santimita 5, ka buga da 87 ka ga tanki mai mita 4 da ɗoriya, daidai wa daida. Tagogi ledar ƙwayar magani ce. Tsakuwar gefen dogo yashi ne da ya tankaɗe da rariya. Amma gidajen su suka tafi da ni, don bai kwaikwayi na Turawa da ke hoton ba, irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya yi, da zankwaye a saman soro da zane a fuskar zaure, ya kwaɓa garin katako da gam ya yaɓe kwalin sannan ya zana da bakin allura. Uwargida da ke ta faɗan na kashe kuɗi a shara ita ta fara ɗaukar hoto.

Inda ya gaza, dakalin fasinja ya matso dogo da yawa, tarago na gogarsa a kwana sai da na rage da reza, kuma ya sa Super Glue a kumfar da ake kare talabijin da ita don ya yi duwatsu irin namu, gam ɗin ya cinye gefe ɗaya, farin gam na kafintoci ya kamata. Kwali kuma abincin gara ne, kada a aje a ƙasa, namu yana kan tebur na lulluɓe da tsohon zane saboda ƙurar hunturu.

Duk mai zuwa ya tafi da jirginsa da guntun dogo a hannu, kuma kada ya biya duka tun farko. Ni dai na sake ba shi gada, ya ce sandunan alawa yake tarawa, wai sati ɗaya.