Rak ɗin kayan sauti: na roba, na katako ko na ƙarfe?

Faɗin rak, wato akwatin da ake ɗaure na'urorin sauti a jere a cikinsa, ba abin ciniki ba ne, inci 19 ne a ko'ina. Tsayi kuma da U ake ƙirga shi, kowane U inci 1.75 ne, wato milimita 44.45. Amfilifaya galibi U biyu ce ko uku, firosesa (na'urar daidaita sauti) da risibar makirfo marar waya U ɗaya. Ka tara lissafin kayanka, ka ƙara U biyu zuwa huɗu saboda iska da abin da za ka saya gaba.

Inda masu saye suka fi yin asara shi ne zurfi. Akwai rak marar zurfi, wajen inci 12 zuwa 14, wanda aka yi don ƙananan na'urori. Na amfilifaya kuwa yana kaiwa inci 18 zuwa sama. Kada ka auna jikin na'urar kaɗai. Filogin Speakon da XLR da na wuta suna cin santimita 7 zuwa 10 a baya, in babu wannan sararin murfi ne zai riƙa danne su har waya ta karye daga ciki. Ka tambayi zurfin daga ƙarfen gaba, wanda ake ɗaure na'urori a jikinsa, zuwa murfin baya, ba girman akwatin daga waje ba.

Na roba, irin na kamfanonin SKB da Gator, ba shi da nauyi, kuma ruwa bai cika damunsa ba. Ya dace da U huɗu zuwa shida na risiba da firosesa, ko amfilifaya ajin D, irin marar nauyi, mai kilo biyar. Ka ɗora masa tsofaffin amfilifaya masu taransifoma, masu kilo 20 zuwa 30 kowace, sai ya fara lanƙwasa, murfin ya ƙi zama.

Na katakon filawud mai milimita 9, mai gefen alminiyam da kusurwar ƙarfe, shi ne na mai yawo da kaya daga taro zuwa taro. Yana da nauyi, amma ana gyara shi: makulli ya lalace a cire a sa wani. In ya wuce U takwas, ka nemi mai taya ta inci 4, biyu daga ciki masu birki; ƙananan tayoyi suna maƙalewa a kan waya da tsakuwa. Akwai kuma mai gida biyu, wanda aka raba firam ɗin ciki da akwatin waje da soso ko robar shan girgiza. Ya fi tsada, ya fi cin wuri a mota, kuma a ganinmu ɓarnar kuɗi ne a kan amfilifaya zalla. Kwamfuta da akwatin mikisa na dijital su ne suka cancance shi.

Na ƙarfe na zaman wuri ɗaya ne, zaure ko ɗakin ibada. A nan abin dubawa shi ne ko za ka iya kaiwa bayansa. In na jikin bango ne, ɗauki mai buɗewa kamar ƙofa.

Duba ramukan ƙarfen gaba kafin ka biya. Wasu an yanka musu zaren da sukuru ke kamawa, yawanci mai girman da ake kira 10-32. Wasu murabba'i ne, ana saka musu noti mai keji, wanda ke maƙalewa a ramin, mai ɗaukar sukuru mai girman M6. Mai zare ya fi saurin aiki, sai dai in zaren ya cinye ramin ya mutu. Tura M6 da ƙarfi cikin ramin 10-32 shi ne ke kashe shi. Ramukan uku-uku suke a kowane U, tazarar da ke tsakanin U da U ta fi ƙanƙanta, rabin inci. Wanda ya fara ɗauri daga tsakiyar U zai ga na'ura ta gaba ta ƙi hawa.

Wajen jerawa, mai nauyi a ƙasa, risiba a sama, eriyarta a fito da ita gaba domin ƙarfe yana tare sigina. Sukuru huɗu kowace na'ura, da washar roba, a fara da na ƙasa. Doguwar amfilifaya dole a tallafe ta a ƙarfen baya, in ba haka ba girgizar hanya za ta tsaga kunnuwanta na gaba da aka ɗaure ta da su. Saboda haka rak marar ƙarfen baya ba na amfilifaya ba ne, komai arharsa.

Sai zafi. Wasu amfilifaya suna jan iska daga gaba su fitar ta baya, wasu akasin haka. Ka haɗa iri biyun a rak ɗaya, wannan za ta riƙa shaƙar zafin waccan har ta kashe kanta ana tsakiyar taro. A toshe guraben da babu komai da faranti don kada iska mai zafi ta zagayo, a cire murfin gaba da na baya duka lokacin aiki.

Wayoyin wuta su bi gefe ɗaya, na sauti ɗaya gefen. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Idan ƙugi ya taso a lasifika, kada a yanke ƙafar filogin da ke kai wuta ƙasa, ita ce ke kare mai riƙe da makirfo. A gyara ta ɓangaren sauti, da taransifoma mai raba layi. In kuɗi ya ragu, sayi na'urar kunna wuta bi da bi: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa, don kada ƙarar "dum" ta fasa tuwita, wato ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti.