Digirin shekara huɗu da ya ci mini kusan shida

Na samu gurbin karatun ilimin kwamfuta a wata jami'ar gwamnatin tarayya a farkon 2019, bayan na zauna jarrabawar JAMB sau biyu, kuma a lissafin takarda shekara huɗu zan yi. Sai a ƙarshen 2024 na kare kundin bincikena. Korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, daidai lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, sannan aka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022. Wata takwas ɗin nan a gida na yi su, a Tudun Wada ta Kaduna, ina taya yayana gyaran waya, maƙwabta kuma suna raɗa wa juna cewa ƙila korata aka yi.

Zaman gidan bai yi mini ciwo ba kamar abin da ya biyo bayansa. Da aka koma, sai aka matse zangon karatu domin a cike giɓi, malami ya kwashe darasin wata uku a cikin 'yan makonni, mu kuma mu haddace, mu zuba a takardar jarrabawa, mu manta. A aji biyu mun rubuta manhaja da biro a kan takarda, saboda kwamfutocin ɗakin gwaji ba su kai rabinmu ba, wutar ma sai an yi sa'a. A aji uku sakamakon wani kwas nawa ya ɓace, na yi ta zarya daga ofis zuwa ofis ana ce mini in dawo gobe, daga ƙarshe dai na sake rubuta jarrabawar da na tabbata na ci.

Duk da haka ba zan yi butulci ba. Akwai wata malama da ta koyar da mu tsarin rumbun bayanai, wadda ba ta taɓa sayar mana da takardun darasi ba, kuma ita ce ta duba kundina. Sau huɗu ta dawo mini da babi na uku da jan biro. A lokacin na ji haushi ƙwarai, amma a wurinta na fara sanin bambancin kwafo magana da fahimtarta. Haka kuma wata shidan sanin makamar aiki na SIWES, da na yi a wani ƙaramin kamfani a kan titin Ahmadu Bello, sun koya mini abin da aji bai koya mini ba, domin a can ne na fara ganin manhajar da na rubuta tana aiki a hannun mutane. Sai ɗaliban da ke gaba da mu, waɗanda suke yi mana bita kyauta bayan sallar Isha'i. Allah ya saka musu da alheri.

Kuɗi ma sun yi magana, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da kuɗin mota ya sa na rage zuwa gida. Rancen ɗalibai na NELFUND ya fara a 2024 ina dab da fita, ban ci moriyarsa ba.

Bana ƙanwata ta ce kwas ɗin nan take so. Ban hana ta ba, amma na ce wa Baba kafin a biya kuɗin rajista a fara nema mata kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce.